Iya Ruwa Fidda Kai: Ɗan Ciwon Kafaɗar Da Mai Nutso A Teku Bai Kamata Ya Raina Ba

 

Maudu'inmu na yau zai ba wasu mamaki, domin magana ce ta teku, mu kuwa akasarinmu ruwan da muka saba da shi bai wuce na kogi ko dam ko kududdufin bayan gari ba. To amma duk mai lura da hotunan da ake ɗorawa a Facebook da Instagram ya san zamani ya sauya. Ɗalibanmu da ke karatu a Masar suna leƙa Dahab da Sharm el-Sheikh da Hurghada lokacin hutu. Angwaye masu hali suna ɗaukar amarensu zuwa Zanzibar. Ga kuma 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Jidda da Port Sudan, waɗanda Bahar Maliya ke bakin ƙofarsu. A irin waɗannan wurare akwai masu sana'ar kai baƙi ƙarƙashin teku: a goya maka tukunyar iska a baya, a sa maka bututu a baki da tabarau a fuska, ka nutsa ka yi ta kallon kifaye da murjani. Shi ake kira nutson sukuba, kuma tun daga 1943, lokacin da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ta sauƙaƙa shi a Faransa, ya tashi daga aikin sojoji da 'yan kwangila ya koma abin nishaɗi.

Nishaɗin yana da wani ciwo da ke biyo bayansa, wanda a nan za mu kira ciwon kumfar nutso. Ra'ayinmu a kansa guda ne, kuma shi za mu yi ta karewa har ƙarshen rubutun nan: duk wani baƙon abu da mutum ya ji a jikinsa cikin awa 24 bayan ya fito daga nutso, a ɗauke shi a matsayin wannan ciwo har sai likita ya ce ba shi ba ne. Kalmar "ɗan ƙarami ne" ba ta mai ciwo ba ce, ba kuma ta abokansa ba ce. Likita kaɗai ke da ikon faɗarta.

Mu ƙaddara wani saurayi ɗalibi a Alƙahira. Ya yi kwas ɗin nutso na 'yan kwanaki ya karɓi shaidarsa, ya tafi Dahab shi da abokansa uku. Kwana uku suna nutso, kullum sau biyu, ranar ƙarshe ma sau uku saboda kada kuɗi ya tafi a banza. Da la'asar suna zaune suna jiran abinci sai ya ji kafaɗarsa ta dama tana masa wani irin ciwo can ciki, ga gajiyar da ta fi ta kullum. Ya juya hannun, ciwon bai ƙaru ba bai ragu ba. Sai ya ce wa kansa ai tukunyar nan nauyi ne da ita, ita ce ta ja masa. Ya haɗiyi farasitamol biyu, bai faɗa wa kowa ba, domin a daren suna da shirin hawa Dutsen Sinai su ga fitowar rana, kuma an riga an biya kuɗin mota. Babu wanda zai ce yaron nan ya yi abin da ba a saba gani ba. Yawancinmu haka za mu yi. Shi ya sa muke ganin maganar ta cancanci a tsaya a kanta.

Kafin mu koma kansa, bari mu ga abin da ke faruwa a cikin jiki. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 kuma oksijin. Jiki yana amfani da oksijin, naitirojin kuwa shiga take yi ta fita ba ta yi aikin komai ba. A ƙarƙashin teku lissafin yana canzawa, domin duk mita 10 da mutum ya yi ƙasa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a doron ƙasa. A zurfin mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Gwargwadon ƙaruwar matsi, gwargwadon yawan naitirojin da ke narkewa a cikin jini da tsoka da kitse. Idan mutum ya taso a hankali, iskar tana bin jini ta koma huhu ta fita ba tare da an ji ba. Idan ya taso da gaggawa, ko ya daɗe a zurfi fiye da ƙima, sai ta fita daga narkewa ta zama kumfa a cikin jiki. Duk wanda ya taɓa buɗe kwalbar lemo da ƙarfi ya ga irin abin da idonsa. Kumfar nan ce ke danne jijiyoyi, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta tayar da kumburi a inda ta sauka.

Ba sabon ciwo ba ne. An fara ganinsa sosai a ƙarni na 19 a jikin leburori masu haƙa harsashin gadoji a cikin ɗakunan da ake cika wa iska mai matsi a ƙasan kogi. Suna fitowa sai wasu su kama tafiya a duƙe saboda azabar gaɓoɓi, har aka laƙaba wa ciwon suna da Turanci mai ma'anar lanƙwashewa. Babban injiniyan gadar Brooklyn ta birnin New York, Washington Roebling, ya kamu da shi a 1872, ya kasa komawa wurin aiki, sai matarsa Emily ce ta riƙa kai umarninsa ga ma'aikata har aka buɗe gadar a 1883. Bafaranshe Paul Bert ya nuna a 1878 cewa kumfar naitirojin ce sanadi. A 1908 kuma John Scott Haldane, bayan gwaje-gwaje a kan awaki, ya fitar wa sojojin ruwan Birtaniya jadawalin yadda mai nutso zai riƙa ya da zango a hanyarsa ta tasowa. 'Yar kwamfutar da masu nutso ke ɗaurawa a hannu kamar agogo a yau, jikar wannan jadawali ce.

A ƙasarmu ma mun ga misalin da duniya ta yi ta magana a kai. A watan Mayun 2013 jirgin ruwan Jascon-4 ya kife a tekun da ke gaɓar Neja Delta, ya nutse zuwa zurfin kimanin mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan kwana uku a cikin wani ɗan lungu da iska ta maƙale. Da masu nutso suka same shi da rai, ba su yi sama da shi kai tsaye ba, duk da cewa abin da zuciyar kowa za ta so ke nan. Jikinsa ya riga ya ƙoshi da naitirojin, fito da shi nan take zai iya kashe shi. Sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a ɗakin matsi ana rage masa matsin kaɗan-kaɗan kafin ya ga rana. Mai nutson nishaɗi ba ya kai wannan matsayi, amma dokar da ta yi aiki a jikin Okene ita ce ke aiki a jikin saurayinmu na Dahab.

To mene ne alamomin da ake kira masu sauƙi? Na farko ciwon gaɓa, galibi kafaɗa ko gwiwar hannu, wani lokaci gwiwar ƙafa. Ciwo ne mai zurfi da ake ji kamar a cikin ƙashi, kuma sau da yawa motsa gaɓar ba ya canza shi, saɓanin targaɗe ko ciwon tsoka da ke tsananta idan an motsa. Na biyu gajiya mai nauyi wadda ta zarce aikin da aka yi, irin wadda mutum zai ji ba ya son komai sai kwanciya. Na uku ƙaiƙayi ko ƙuraje, ko fata ta yi dabbare-dabbare a ciki ko ƙirji ko cinya, wurin yana zafi idan an taɓa. Na huɗu kumburi a wani sashe na fata. Akwai kuma jin kamar tururuwa na yawo a wani ɗan wuri a fata.

Ga kuma waɗanda babu mai kiransu masu sauƙi: hannu ko ƙafa su yi nauyi ko su mutu, tafiya ta gagara ko mutum ya riƙa tangaɗi, fitsari ya ƙi fita, ciwo ya zagaye ƙugu ko ciki kamar an ɗaura ɗamara, jiri mai tsanani da amai, kunne ya daina ji, gani ya dushe, magana ta harɗe, tunani ya rikice, ko ƙirji ya riƙe da tari da sarƙewar numfashi. Waɗannan suna nuna kumfa ta taɓa laka ko ƙwaƙwalwa ko cikin kunne ko huhu. Wanda kuwa ya faɗi sumamme 'yan mintoci bayan fitowarsa, mai yiwuwa iska ce ta ɓalle daga huhu ta shiga jijiyar jini, kuma kowane minti yana da tsada.

Matsalar ita ce babu katanga tsakanin jerin farko da na biyu. Ciwon da ya fara da kafaɗa da la'asar zai iya tsayawa a nan, zai kuma iya zama mutuwar ƙafa kafin tsakar dare. Ba lallai ne kuma ya bayyana nan take ba. Alƙaluman da ke cikin littafin nutso na sojojin ruwan Amurka sun nuna kashi 42 cikin 100 na masu kamuwa suna ganin alama cikin awa ɗaya, kashi 60 cikin awa 3, kashi 83 cikin awa 8, kashi 98 cikin awa 24. Wato fiye da rabi ba sa jin komai a awar farko. Sun riga sun yi wanka sun canza kaya, wasu ma sun bar bakin teku. A lokacin da ciwon ya zo, hankali ya riga ya rabu da ruwa, sai a nemo masa wani dalili.

Masu horar da nutso sun daɗe suna cewa musu shi ne alamar farko ta wannan ciwo, kuma mun yarda da su. Mutum yana musu saboda kunya, don a tunaninsa kamuwa tana nufin ya yi kuskure. Yana musu saboda kuɗin da ya biya na sauran kwanaki, da tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa. Yana musu saboda ba ya son ya zama shi ne ya ɓata wa ayari tafiya. Mu kuma muna da namu ƙarin. An tashe mu a kan cewa namiji ba ya raki, mace mai kunya ba ta yawan ƙorafi a gaban baƙi. Ciwon gaɓoɓi da kasala a wurinmu sunansu zazzaɓin cizon sauro ko sanyin ƙashi ko gajiyar hanya, kuma kowannensu muna da maganinsa a jaka. Sannan ga wani abu da littattafan horarwa ba su cika tsayawa a kai ba: hotunan dabbare-dabbaren fata da ake nunawa akasari na fararen fata ne, inda ja da shuɗi ke fitowa ɓaro-ɓaro. A baƙar fata canjin launin yana da wuyar gani, musamman da yamma ko a ɗaki mai ƙarancin haske. Don haka kada mu jira sai mun ga abin da ke cikin hoto. Ƙaiƙayi da zafi idan an danna wurin sun isa a yi magana.

Maganar kunya kuwa, ya kamata a kashe ta tun daga tushe. Ana samun mutanen da suka bi duk abin da kwamfutarsu ta ce, ba su wuce zurfi ba, ba su yi saurin tasowa ba, amma suka kamu. Kwamfutar lissafi take yi bisa matsakaicin jiki, ba ta san wanda bai sha ruwa sosai ba, ko wanda ya yi iyo mai wahala a ƙasa, ko wanda sanyi ya kama a ƙarshen nutso. Ba ta kuma san cewa kimanin mutum ɗaya cikin huɗu yana da wata 'yar kafa tsakanin ɗakunan zuciyarsa na sama, wadda ba ta rufe ba tun haihuwa. A rayuwar yau da kullum kafar ba ta damun yawancin masu ita, amma a nutso tana iya barin kumfa ta tsallake huhu, inda ya kamata a tace ta, ta wuce zuwa ƙwaƙwalwa ko fata. Wanda ya kamu mara lafiya ne, kuma jagoran nutson da ya fara da tambayar "me ka yi ba daidai ba" yana koya wa sauran baƙinsa su yi shiru ne.

Yanzu mu koma teburin abincin nan na Dahab, mu ga abin da ya kamata ya faru. Saurayin ya faɗa wa abokansa, su kuma su sanar da cibiyar da ta kai su nutso ba tare da jiran safiya ba. A kwantar da shi a miƙe. Tsohuwar dabarar ɗaga ƙafafu a sunkuyar da kai ƙasa an daina ta. Idan yana amai ko hankalinsa ya gushe, a kwantar da shi a gefe. A sa masa oksijin tsantsa, kusan 100 bisa 100, ta abin rufe hanci da baki da ya zauna daram. Wannan shi ne babban taimakon farko, domin idan babu naitirojin a iskar da yake shaƙa, wadda ke jikinsa tana saurin fita, kumfar ta ragu, kuma sassan da jini ya yi wa ƙaranci su samu abin da suke buƙata. Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwa ya riƙa kurɓa, ban da giya. A rufe shi idan yana jin sanyi, amma kada a dafa shi da zafi.

Sannan wani ya ɗauki biro da takarda. A rubuta nutso nawa ya yi, zurfin kowanne da tsawonsa, lokacin da ya fito, lokacin da ciwo ya fara, da yadda yake canzawa. A ajiye kwamfutarsa don ta bi shi asibiti. A yi masa ɗan gwajin da kowa zai iya: a tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki, ya bi yatsa da idanu, ya yi murmushi a ga ko fuska ta karkace, ya matse hannuwan mai gwaji a ji ko ƙarfin ɗaya ne, a shafa fatarsa dama da hagu a ji ko yana ji daidai, a tambaye shi ko ya yi fitsari. A maimaita bayan ɗan lokaci, domin canjin da aka gani tsakanin gwaji biyu ya fi gwaji ɗaya amfani ga likita. Daga nan a kira likitan da ya san harkar nutso. Ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1980, tana da layin gaggawa dare da rana saboda irin wannan, kuma a gaɓar Masar akwai ɗakunan matsi a Sharm el-Sheikh da Hurghada.

Abubuwan da ba a yi su ma a bayyane suke. Ba a komawa ruwa da sunan a sake matse kumfar. Mai nutson nishaɗi da ya yi haka da iskar tukunya yana ƙara wa jikinsa naitirojin ne, kuma idan ciwon ya tsananta a ƙasa babu mai cetonsa. Ba a gasa gaɓar da ruwan zafi, ba a shiga wanka mai zafi, ba a murza ta da man zafi kamar yadda muka saba. Ba a shan maganin kashe ciwo a ɓoye don a samu barci, domin yana rufe alamar da likita ke son bibiya. Idan ya ga ya dace shi zai ba da shi. Uwa uba, ba a hawa sama. Matsin iskar da ke cikin jirgin fasinja daidai yake da na kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, Dutsen Sinai kuma tsayinsa mita 2,285 ne. Raguwar matsi ita ce ta haifar da kumfar tun farko, ƙara rage shi ƙara mata girma ne. Da saurayinmu ya shiga motar nan, da ya kai kafaɗarsa inda ciwon zai fi samun dama.

Akwai tarko ɗaya da ke kama masu hankali ma. Sau da yawa bayan rabin awa ana shan oksijin sai ciwon ya lafa, mutum ya cire abin ya ce ya warke. Lafawar nan ita kanta shaida ce cewa da alama kumfa ce, kuma ciwon yana iya dawowa bayan an cire. A ci gaba da ba shi har sai likita ya ce a tsaya, ko tukunyar ta ƙare. Idan likita ya ce a shiga ɗakin matsi, abin da aka fi yi shi ne a mayar da mutum matsin da ya yi daidai da zurfin mita 18, yana shaƙar oksijin ana ba shi hutu a tsakani, sannan a riƙa sassauta matsin a hankali. Zama ɗaya yana cin awa 4 da minti 45, wasu kuma sai an maimaita musu.

Mun san za a ce mun cika tsoro, kuma masu faɗin haka suna da hujjoji. Za su ce ciwon ba ya da yawa, cikin kowane nutso 10,000 na nishaɗi 'yan kaɗan ne ke ƙarewa da shi. Gaskiya ne. Za su ce akasarin ciwon kafaɗa bayan nutso na ɗaukar kaya ne da hawa tsanin jirgi. Wannan ma gaskiya ne. Za su ƙara da cewa ɗakin matsi yana da tsada, kuma ɗauko mutum daga tsibiri mai nisa ko daga jirgin da ya yi kwanaki a tsakiyar teku yana da nasa haɗarin. Har ma za su iya kafa hujja da likitocin kansu, domin a wani taro da masana suka yi a Sydney ta Ostireliya a 2004, wanda aka sabunta matsayarsa a 2018, an amince cewa wasu masu alamomi masu sauƙi za a iya kula da su da oksijin da ruwa da hutu ba tare da an shiga ɗakin matsi ba, musamman idan wurin yana da nisa.

Mun karɓi duk wannan, amma a duba sharuɗɗan da masanan suka gindaya. Sai alamar ta tsaya cak ko tana raguwa, ba tana ƙaruwa ba. Sai an tabbatar babu abin da ya taɓa jijiyoyi. Kuma likitan da ya san nutso ne ke yanke hukuncin. Abin da matsayar ta sauƙaƙa shi ne magani, ba ta ce a yi shiru ba. Hasali ma ta ƙarfafa namu ra'ayin, domin tana nufin faɗin gaskiya ba lallai ya jawo jirgin ɗaukar marasa lafiya da bashin miliyoyi ba. Sau da yawa abin da zai ci shi ne kiran waya, da 'yan awoyi a kan oksijin, da fasa nutson gobe. A ɗora wannan a sikeli ɗaya, a ɗora yiwuwar shanyewar ƙafafu a ɗayan. Wanda ya yi magana aka gano tsoka ce kawai, ya yi asarar yini guda. Wanda ya yi shiru aka gano laka ce, yana iya yin asarar da ba ta dawowa, domin jinkiri yana rage amfanin magani a irin wannan hali. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Muna kuma ganin nauyin bai tsaya a kan mai ciwo kaɗai ba. Ciwon da ke iya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya taɓa hukuncin da mutum ke yanke wa kansa, don haka abokin tafiya shi ne ido na biyu. Idan ka ga wanda kuka yi nutso tare yana ta murza kafaɗa, ko ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, ko ya kwanta tun magariba, ka tambaye shi kai tsaye, kuma kada ka karɓi "ba komai" a karon farko. Miji ya tambayi amaryarsa, ita ma ta tambaye shi. Idan aka fasa hawan dutse saboda mutum ɗaya, kada a bar shi ya ji kamar ya ci amanar ayari. Yadda aka karɓi na farko da ya yi magana shi ke nuna ko na biyu zai buɗe baki.

Ga mai shirin zuwa, rigakafin ba shi da wuya. Kafin ka biya kuɗi, tambayi cibiyar ko akwai tukunyar oksijin a cikin jirginsu, ka ce a nuna maka, ka tambayi wa ya iya amfani da ita da kuma inda ɗakin matsi mafi kusa yake. Cibiyar da ta ji haushin tambayar nan ta riga ta ba ka amsa. Ka duba ko inshorar tafiyarka ta haɗa da nutso, domin ba kowace ce ke haɗawa ba. Kada ka wuce zurfin da shaidarka ta ba ka, wanda ga mai matakin farko mita 18 ne. Ka taso a hankali, ka ya da zango na minti 3 a zurfin mita 5. Ka sha ruwa sosai, ka bar tazara tsakanin nutso da nutso. Batun jirgin sama kuma, ƙa'idar da DAN ta fitar ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, kuma cibiyoyi da dama suna cewa a cika awa 24. Wannan lissafin na wanda ba ya jin komai ne. Wanda ya ji alama, likita ne zai faɗa masa ranar tashi da ranar komawa ruwa.

Ba mu rubuta wannan don mu hana kowa ganin abin da ke ƙarƙashin Bahar Maliya ba. A can ne, a Sha'ab Rumi da ke gaɓar Sudan, Cousteau ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963, kuma har yau mutane na tahowa daga nesa don su ga kufansa. Wanda ya samu hali ya je ya gani. Sai dai Bahaushe ya ce iya ruwa fidda kai, kuma a wannan harka fidda kan ba ya ƙarewa a lokacin da ka kama tsanin jirgi. Yana ci gaba har washegari, a ɗakin otal da wurin cin abinci da hanyar filin jirgi.

Saurayinmu na Dahab yana nan zaune, abinci ya iso, motar dutse za ta zo da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Da ku ne abokansa uku, kuma ya daure ya faɗa muku, me za ku ce masa? Akwai kuma waɗanda suka taɓa yin nutson a cikinmu, muna son jin ko an nuna muku tukunyar oksijin kafin ku shiga ruwa. Sai mun ji daga gare ku.